*DARASIN LAFIYA: YADDA ZA KA RABA ZUCIYARKA DA ƘUNCI, KA KOYA MATA WALWALA*



'Yan uwa maza da mata, na Yako da Kiru da Kwanar Dangora, na Bebeji da Tiga, na Tudun Wada da Doguwa har can Riruwai, da waɗanda saƙon nan yake iske su a nesa, barkanmu da warhaka. Ya aiki, ya iyali? Allah Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.

Mun sha yin bayani a kan basir da sanyi da shawara da hawan jini. Yau kuma za mu taɓa wata larura da ba a cika kai ta gaban mai magani ba, alhali tana nan cikin gidaje da yawa. Mutum ya wayi gari ransa a dagule, ba a yi masa komai ba. Ya yini yana tsaki. A yi masa alheri goma bai gani ba, a yi masa kuskure ɗaya ya kwana da shi. Tun yana ɓoyewa har fuska ta tona, don labarin zuciya a tambayi fuska. Yara su fara gudunsa, uwargida ta dinga auna magana kafin ta furta, abokai su janye jiki.

Darasin yana da ɗan tsawo. Ka samu wuri ka zauna, ki ajiye aikin na ɗan lokaci, a karanta a tsanake.

*1. INA ZUCIYARKA TAKE KOMAWA IDAN TA SAMU SARARI?*

Ga gwaji mai sauƙi. Ɗan uwa, lokacin da kake zaune a kan babur kana jiran fasinja, ko kana tafiya gona kai kaɗai, ina tunaninka yake nufa? 'Yar uwa, idan kina tsintar shinkafa ko wanke-wanke, babu mai yi miki magana, me zuciyarki take ɗauko miki?

Wani, da zarar ya yi shiru, sai bashin taki ya faɗo masa, sai maganar da wansa ya gaya masa shekara uku da suka wuce, sai tunanin wane ya yi gini shi bai yi ba. Wata kuma sai habaicin kishiya, sai kallon da uwar miji ta yi mata jiya. Wani kuwa, ga shi da irin waɗannan matsaloli, amma idan ya yi shiru zuciyarsa tana sauka ne a kan abin da zai yi gobe, ko dariyar da ƙaramar 'yarsa ta ba shi da safe.

Wannan wurin da zuciya take komawa da kanta, shi muke kira mazaunin zuciya. Kowa yana fushi, kowa yana murna. Bambancin shi ne inda ake komawa bayan fushin ko murnar ta wuce. Wanda mazauninsa ƙunci ne, ko buhu ɗari ya noma, murnar kwana biyu ce, sai ya koma gidan jiya.

*2. ME YA SA MUMMUNA YA FI KYAKKYAWA KAMA ZUCIYA?*

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne, ko kuma kai mugun mutum ne. Allah Ya halicci ƙwaƙwalwar ɗan Adam da saurin lura da haɗari, domin kariya. Manomin da ya ji motsi a cikin ciyawa ya yi tsalle, ko da kadangare ne, ya fi tsira daga maciji a kan wanda ya tsaya nazari. A shekarar 2001 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Roy Baumeister, tare da abokan aikinsa, sun tattara bincike masu yawa, suka nuna cewa abu marar daɗi ya fi mai daɗi nauyi a zuciya, ko a zaman aure, ko a harkar kuɗi, ko a maganar da aka faɗa wa mutum. Shi ya sa zagi ɗaya yake shafe yabo da yawa.

Idan ƙwaƙwalwa ta hango barazana, jiki yana sakin sinadarai irin su adirenalin da kotizol. Bugun zuciya ya ƙaru, jijiyoyi su ɗaure, jini ya hau, ciki ya rage aikin narkar da abinci. Wannan shiri ne na ɗan lokaci, don a gudu ko a kare kai. To, matsalar ita ce jiki ba ya bambancewa sosai tsakanin macijin da ke gabanka da wanda kake ta kitsawa a rai. Idan ka kwanta kana maimaita rigimar gona, jikinka yana amsawa kamar yanzu ake yin ta. Mai yawan tunani shi ya sa yake kuka da ciwon kai, da riƙewar wuya, da zafin ƙirji, da rashin barci, a je asibiti a yi gwaji a ce ba a ga maleriya ba, ba a ga taifot ba.

Kuma gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na taki da na magani suka tashi, kowa ya ji a jikinsa. Ba muna cewa matsala babu ba ne. Muna cewa ne ga nauyin da rayuwa ta ɗora maka, ga kuma wanda zuciyarka take ƙara maka a kai. Na biyun nan shi ne a hannunka.

*3. SHIN HALI ZANEN DUTSE NE?*

Za ka ji an ce, “Ai haka Allah Ya yi shi, mai hali ba ya fasa halinsa.” Akwai gaskiya kaɗan a ciki: wani tun yana yaro mai fara'a ne, wani mai shiru-shiru, kuma gado yana da nasa rabo. Amma babban kaso na yadda zuciya take juyawa sabo ne, sabo kuwa ana sauya shi.

Ku mutanen Bebeji kun san Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwan da ake saki daga can har ya kai gonakin Kadawa da Kura, hanyar da aka haƙa masa yake bi. Mai noman rani ma ya sani: inda ruwa ya saba bi, nan yake ƙara zurfi, idan kana son ya shiga wani fangali sai ka toshe nan ka buɗe can, kuma ba rana ɗaya sabuwar hanyar take zama ba. Haka tunani yake. Duk tunanin da ka yawaita, hanyarsa a ƙwaƙwalwa tana ƙara faɗi, gobe ya fi saurin zuwa.

Malamanmu sun riga sun gano wannan tun da daɗewa. Abu Zaid al-Balkhi, ɗalibin al-Kindi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus, wato abin da ke gyara jiki da rai. A ciki ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin larurori da ake yi wa magani. Shawararsa ita ce mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ciwon dare, don ya samu abin ɗaukowa ranar da rai ya ɓaci. Fiye da shekara dubu bayan haka, a shekarun 1960, likita Aaron Beck a Amurka ya gina hanyar jinya a kan gyaran tunani, wadda asibitoci suke amfani da ita har yau. Marigayi Farfesa Malik Badri, ɗan ƙasar Sudan, shi ya fassara ɓangaren rai na littafin al-Balkhi zuwa Turanci, ya nuna kusancin hanyoyin biyu.

*4. KADA A HAƊA ABU UKU WURI ƊAYA*

*Na farko, baƙin ciki mai dalili.* An yi maka rasuwa, ambaliya ta cinye gona, aure ya mutu. Wannan ba cuta ba ce, ba kuma raunin imani ba ne. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi suna kiran ta shekarar baƙin ciki. Wanda ke cikin wannan hali, a ba shi lokaci, a rarrashe shi.

*Na biyu, ƙuncin sabo.* Babu wani babban abu da ya faru, amma ƙorafi da zargi da hangen sharri sun zama abincin yau da gobe. Darasin nan nasa ne.

*Na uku, ciwon damuwa.* Wannan cuta ce ta asibiti. Al-Balkhi ma ya ware irin baƙin cikin da yake sauko wa mutum ba tare da sanannen dalili ba, ya ce yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Alamominsa suna ƙasa, a lamba ta 7. Don Allah kada a tsallake wurin.

*5. MATAKAI TAKWAS NA GYARA*

*Mataki na ɗaya: kama tunanin da hannu.* Kwana uku na farko kada ka yi ƙoƙarin sauya komai. Lura kawai. Duk lokacin da ka ji rai ya ɓaci, ka tambayi kanka: me na gaya wa kaina yanzun nan? Idan kana rubutu, rubuta shi, da boko ko da ajami. Za ka tarar tunanin ba su da yawa, uku ne ko huɗu suke ta zagayowa: “ba a ɗauke ni komai ba”, “ni ba ni da sa'a”, “abin nan ba zai yi kyau ba”. Ɓarawon da aka gane fuskarsa, shigarsa gida ta yi wuya.

*Mataki na biyu: nemi hujja.* Ka yi wa maƙwabcinka sallama a bakin kasuwa, bai amsa ba. Nan take zuciya ta ce, “Ya raina ni, tun da ya sayi mota.” Tsaya. Yi mata tambaya uku. Mece ce hujjata? Wane bayani ne kuma zai iya zama gaskiya? Da ƙanina ne ya kawo mini wannan ƙara, me zan ce masa? Wataƙila mutumin bai ji ba, wataƙila ɗansa ne kwance a asibiti. Addini ya hore mu da nisantar yawan zato, kuma wanda ya fara cin ribar kyautata zato shi ne mai yin sa, don shi ne zai yi barci. Ba ana nufin ka yaudari kanka ba. Idan ka bincika ka ga lallai an yi maka ba daidai ba, sai ka je ku yi magana, ko ka yafe. Abin da ake gudu shi ne yanke hukunci babu shaida, sannan a zauna ana jinyar hukuncin.

*Mataki na uku: raba damuwarka gida biyu.* Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira, ya bambance damuwa a kan abin da bai zo ba da baƙin ciki a kan abin da ya riga ya wuce. Dukansu suna sace maka yau. Shaikh Abdurrahman as-Sa'adi ma, a ɗan littafinsa Al-Wasa'ilul Mufida lil Hayatis Sa'ida, ya ja hankali a kan mutum ya tattara himmarsa ga aikin ranar da yake ciki. To ga yadda za ka yi: duk damuwar da ta zo, tambaye ta, akwai abin da zan iya yi a kanki yau? Farashin masara a kasuwa ba a hannunka yake ba. Amma busar da ita sosai, da zuba ta a buhun da ƙwari ba sa shiga, da zuwa wurin mai binka bashi ku tsara biya kaɗan-kaɗan, duk a hannunka suke. Wadda ke da aiki, tashi ka yi aikin. Wadda ba ta da shi, miƙa wa Mai ita. Idan ta nace, yanka mata lokaci, misali minti 15 bayan La'asar. Ta zo da tsakar dare, ka ce mata ba yanzu ba, sai gobe bayan La'asar. Abin kamar wasa, amma masu jinyar tunani suna koyar da shi.

*Mataki na huɗu: ƙirga ni'ima uku kafin barci.* Muna cewa Alhamdulillahi sau da yawa a rana, amma sau nawa zuciya take sanin a kan me? A 2003 masana biyu, Robert Emmons da Michael McCullough, sun raba ɗalibai rukuni uku. Rukuni ɗaya suna rubuta abubuwan da suke godiya a kai duk mako, na biyu abubuwan da suka ɓata musu rai, na uku kuma abubuwan da suka faru kawai. Bayan kimanin mako goma, masu rubuta godiya sun fi sauran kyakkyawan fata, kuma sun fi ƙarancin kukan ciwon jiki. Sirrin shi ne a faɗi abu dalla-dalla. Kada ka tsaya a “na gode da lafiya”. Ka ce: yau ruwa ya sauka bayan na zuba taki. Yau Inna ta ci abinci sosai. Yau babur bai ba ni matsala ba. Mu nan kudancin Kano ma damina ta fi sauka a wurinmu fiye da arewacin jihar, amma wa yake tunawa ya sa wannan a lissafi? Hadisi ya koya mana, a harkar duniya, mu dubi na ƙasa da mu, don kada mu raina abin da aka ba mu. Uwargida, ki mayar da shi hirar dare da yara: kowa ya faɗi abu ɗaya mai daɗi da ya same shi yau.

*Mataki na biyar: tsare ido da kunne.* A 2014 an wallafa wani gwaji da kamfanin Facebook ya yi a kan mutum kusan 689,000. An rage wa wasu labarai masu daɗi da suke gani, wasu kuma aka rage musu marasa daɗi. Waɗanda aka rage wa masu daɗi, rubutunsu ya ɗan karkata zuwa ƙunci. Tasirin ƙarami ne, amma mako ɗaya kawai aka yi. Kai kuma shekara nawa kana buɗe ido da hoton gawa da bidiyon hatsari? Ka sa wa kanka doka: babu waya kafin azkar ɗin safe da karin kumallo, babu waya minti 30 kafin barci. Labarai sau ɗaya ko biyu a rana sun isa. Haka majalisa. Idan zaman teburin mai shayi daga zagin shugabanni sai gulmar wane, kullum ka tashi ranka ya fi ɓaci, rage zaman. Ba gaba za ka yi da kowa ba, gaisawa ka wuce.

*Mataki na shida: gyara harshe.* A ce maka ya aiki, ka ce “wahala dai”. Ya kasuwa, “ai mun mutu”. Kunnenka yana jin abin da bakinka yake faɗa, kuma shi ne ya fi kowa kusa. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana son kyakkyawan fata da kalma mai daɗi, ya kuma hana camfi. Amsar da iyayenmu suka gada, “da godiya”, magani ce. Wannan bai hana ka kai kuka inda za a share maka hawaye ba. Gaya wa likita ciwonka, ko aminin da zai ba ka shawara, daban yake da ƙorafi ga duk wanda ka haɗu da shi. Gwada kwana bakwai: duk ƙorafin da ya kuɓuce maka, bi shi da abu ɗaya mai kyau na gaskiya. Idan fushi ya taso kuma, sunna ta nuna a nemi tsari, a yi shiru, na tsaye ya zauna. Ƙara da jan numfashi a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, sau biyar ko shida, bugun zuciya zai lafa.

*Mataki na bakwai: ba jiki haƙƙinsa.*

• Barci: babba yana buƙatar awa 7 ko fiye. Wanda bai yi barci ba, ƙaramin abu yana zame masa dutse.

• Shayi, kofi, goro da lemon ƙarin kuzari duk suna da sinadarin kafin, kuma kusan rabinsa yana nan a jiki bayan awa 5. Mai fama da rashin barci ya bar su tun daga La'asar.

• Motsa jiki: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako. Manomi da damina ya wuce haka. Amma mai zaman shago, da direba, da matan da ke cikin gida, a nemi hanya: zagaya tsakar gida da sassarfa minti 20 zuwa 30, a fito hasken safe.

• Talbina: ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha (RA) takan sa a dama ta ga marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, saboda tana sanyaya zuciya tana rage baƙin ciki. Yadda ake yi: garin sha'ir cokali 2, madara ko ruwa kofi 1, a dafa a wuta kaɗan ana juyawa minti 10 zuwa 15, a sauke, ta ɗan huce, a sa zuma cokali 1. Ana samun garin a shagunan magungunan Musulunci. Mai ciwon suga ya nemi shawarar likitansa kafin ya sa zuma, kuma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya zuma ba. Talbina abinci ce mai taimako, ba ta maye gurbin maganin asibiti ga mai ciwon damuwa.

• Gargaɗi ga matasa: tiramadol da kodin da wiwi ba sa kashe damuwa, bashi suke ba ka mai ruwa. Ɓarnar da kodin ya yi ce ta sa gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a watan Mayu na 2018.

*Mataki na takwas: kada ka zauna kai kaɗai da tunaninka.* A ƙasar Zimbabuwe, abin da mu muke kira yawan tunani su ma haka suke kiran sa da yarensu. Wani likitan ƙwaƙwalwa a can, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitin unguwa, su saurari mai damuwa, su taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun samu sauƙi sosai fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Mu ma muna da irin waɗannan iyaye a kowace unguwa. Nemi mutum ɗaya mai riƙon amana, goggo ce, yaya ne, malami ne, ka buɗe masa ciki. Sannan ka yi wa wani alheri ko ƙanƙane ne: duba marar lafiya, taya maƙwabci aikin gayya, ɗebo wa tsohuwa ruwa. Ko sakin fuska ga ɗan uwanka sadaka ce. Sallah cikin jam'i da zuwa Islamiyya suna haɗa maka biyu, ibada da ganin mutane. Ka riƙe azkar na safe da yamma, kuma a Hisnul Muslim akwai babi guda na addu'o'in damuwa da baƙin ciki, ka haddace su, ka san ma'anarsu.

*6. SAI YAUSHE ZA A GA SAUYI?*

Sannu ba ta hana zuwa. Wani bincike da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan ya gano cewa sabon aiki yana ɗaukar kimanin kwana 66 a tsaka-tsaki kafin ya zama jiki, wasu ƙasa da haka, wasu fiye da wata takwas. Kuma tsallake rana ɗaya bai rushe aikin ba. Don haka kada ka ɗebi takwas ɗin gaba ɗaya.

• Mako na 1: lura da tunani, da ni'ima uku kafin barci.
• Mako na 2: ƙara dokar waya da gyaran barci.
• Mako na 3: ƙara tambayoyi uku da raba damuwa gida biyu.
• Mako na 4: ƙara motsa jiki da ziyara ɗaya a mako.

Daga nan a ci gaba har wata biyu. Alamar nasara ba wai ka daina ɓacin rai ba ce. Abin da da yake cinye maka kwana uku, yanzu zuwa Azahar ya wuce. Sau da yawa ma iyalinka ne za su riga ka lura.

*7. ALAMOMIN DA KE CEWA A TAFI ASIBITI* ⚠️

A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, kimanin mutum miliyan 280 ne suke da ciwon damuwa a duniya, kuma fiye da kashi 10 cikin ɗari na masu juna biyu da masu jego suna kamuwa da shi. Idan waɗannan sun kai mako biyu, kusan kullum, a ga likita:

• ƙunci mafi yawan yini, ko kuka babu dalili
• abin da ake jin daɗinsa da, yanzu ba ya burgewa
• barci ya ƙaurace, ko ya yi yawa
• rashin cin abinci da rama, ko ci fiye da kima
• kasala har aiki ko wanka ya gagara
• jin ba ka da amfani, ko ganin laifin kai a komai
• mai jego ta kasa kula da kanta ko jaririnta

*Wanda ya fara cewa gara ya mutu, ko yana tunanin cutar da kansa, ba a jira mako biyu. A ranar za a kai shi.* Kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kwashe maganin feshi da fiya-fiya da maganin ɓera a kulle su nesa da shi. Gidajenmu na manoma ne, waɗannan abubuwa suna nan a kusa. Haka mai jegon da ta rikice, tana jin muryoyi ko ta daina barci gaba ɗaya, gaggawa ce.

A fara da babban asibiti mafi kusa, don ƙarancin jini da ciwon suga da matsalar maƙoƙo su ma suna kawo kasala da ƙunci, gwaji ne zai nuna. Idan ana buƙatar ƙwararru, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin Dawanau, da na Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin hauka. Tun watan Janairu na 2023 Najeriya take da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta tanadi kare mutuncin mai wannan larura. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kada a yanke shi sai da izinin likita. A yi ruƙya, a yi addu'a, a kuma sha magani, babu karo a tsakaninsu. Amma ba kowane ƙunci ne aljani ko sammu ba, kuma duk wanda ya ce a daki marar lafiya ko a ɗaure shi, a ɗauke shi daga wurin.

*8. GA MAI ZAMA DA MAI ƘUNCI*

Maigida, uwargida, iyaye: “ka cika raki” da “ba ki da tawakkali” ba su taɓa warkar da kowa ba, sai dai su sa mutum ya rufe bakinsa. Zauna kusa da shi, ka ce, “Na ga kwana biyu ba ka da walwala, me ke damunka?” Sannan ka yi shiru ka saurara har ya gama, kada ka tare shi da wa'azi. Ja shi ku fita tare, raka shi asibiti idan ta kama. Yaro kuma a gida yake koyon inda zuciya take zama. Idan kullum tsaki da tsawa yake ji, da su zai tashi.

Aikin daren yau guda ɗaya ne: kafin ka rufe ido, ambaci abu uku da Allah Ya yi maka tun daga Asuba, kowanne da sunansa. Gobe ka sake.

Allah Ya yaye mana damuwa, Ya buɗe ƙirazanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya sa albarka a gonakinmu da kasuwanninmu. Amin.

A tura wa 'yan uwa, ba ka san wanda yake buƙatarsa a daren nan ba.